Mai Cin Abincin Shekaranjiya

Babanmu ya yi shekara ashirin da tara yana cin abincin shekaranjiya. Ba talauci ne ya sa ba, ba kuma gazawar Mama ba ce, don ita sana'arta ma girki ce. Abin da muka ci ran Litinin, shi sai Laraba yake ci, na Talata kuma sai Alhamis. In gishiri ya yi yawa a miya, mu yi mitarmu mu gama har mu manta, sai bayan kwana biyu a ji shi daga ɗaki yana tambayar wanda ya zuba gishiri haka. Mama takan ce masa ya makara, an daɗe da rufe wannan shari'ar.

Aikinsa ne ya jawo. Ma'aikaci ne a ɗakin gwajin abinci, inda ake kai abin da ya ɓata wa mutane ciki don a gano ƙwayar cutar da ta yi ɓarnar. Shi ba likita ba ne, ba kuma shugaba ba. Shi ne mai auna giram ashirin da biyar na abinci, ya zuba a leda mai tsabta tare da ruwan gwaji, inji ya dandaƙa, sannan ya shafa ɗigo ɗaya a wani ɗan faranti mai murfi wanda aka zuba wa abincin ƙwayoyin cuta ya daskare. Sai ya kife farantin a cikin akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, ya rufe. In akwai ƙwaya, za ta ci ta hayayyafa har ta fito ɗigo-ɗigo yadda ido zai gan ta, kuma wannan kwana biyu yake ɗauka. Saboda haka duk wanda ya leƙo ta taga ya tambayi sakamako, amsa ɗaya yake samu, wato sai jibi. Da haka sunan ya bi shi. Daga mai gadi har shugabar wurin, wadda kowa ke kira Dakta, Baba Sai Jibi suke ce masa, yana kuma amsawa.

Matsalar ita ce Baba bai iya barin aiki a wurin aiki ba. Akwai wani ɗan ɗakin ajiya a bayan kicin ɗinmu, ya kwashe tsintsiyoyi da tsofaffin bokitai ya mayar da shi nasa. Ya samo tsohon injin ƙyanƙyasar ƙwai a wurin wani mai kiwon kaji, ya ce zafinsa daidai ne. Duk lokacin da aka sauke tukunya, sai ga shi da cokalinsa da ya dafa a ruwan zafi, ya ɗebi na gwaji, sauran kasonsa kuma ya zuba a roba, ya rubuta rana da lokaci, ya sa a firiza. In faranti ya fito fes bayan kwana biyu, ya ɗumama ya ci.

Ya so ya sa mu a wannan tsari tun muna ƙanana. Mama ta ce 'ya'yanta ba za su zauna jiran faranti ba. Saboda haka mu mukan ci, shi kuma ya zauna a gefe da littafinsa yana kallonmu, yana tambayar ko akwai wanda cikinsa ke juyawa. Yayanmu yakan ce mu ne zomayen gwajin gidan. Shi ne ma ya taɓa ɓoye ƙwai shida a can ƙasan injin, yana lallaɓawa yana juya su, har ranar da Baba ya buɗe ya tarar da 'yan tsaki suna tattaki a kan farantan Alhamis. Mun zaci ranar Yaya zai sha duka. Baba ko kallonsa bai yi ba, ya ɗauko tsinken auduga ya goga ƙafafun 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya.

Wannan tsinken auduga shi ne abin da na fi tsana a ƙuruciyata. Ranar ɗaya ga kowane wata sai mu yi layi, Mama a gaba. A ɗaga kai, a zura tsinke a hanci, a juya sau biyar a kowace ƙofa, a goga ƙarƙashin farce. Bayaninsa shi ne akwai wata ƙwaya da ke zaune a hancin kusan mutum ɗaya cikin uku, ba ta yi wa mai hancin komai. Amma in ta faɗa abinci mai ɗumi ta samu 'yan sa'o'i, sai ta fara zubar da guba. Kuma ko an sake dafa abincin, wuta tana kashe ƙwayar ne kawai, gubar tana nan daram. Ya faɗa mana wannan ya fi sau dubu, har in ya fara mu muke ƙarasa masa. Mijina ma, ranar da ya fara zuwa gidanmu, kafin a ba shi ruwa an zura masa tsinke. Ya dawo jibi ya ji cewa ya ci jarrabawa.

Ni mai zuciya ce, ban gado haƙurin Mama ba. Ƙawayena ba sa zuwa gidanmu, kuma na san dalili. Wata rana ina budurwa na tsare ta a kicin na tambaye ta yadda take iya zama da mutumin da ya ɗauki girkinta abin tuhuma. A nan ta ba ni labarin da Baba bai taɓa ba mu ba. Yana da ƙanwa, shekararta shida lokacin, shi yana da goma. An bar musu sauran abincin rana a rufe, ba ya wari, bai canza kala ba. Shi ya ɗumama, shi ya zuba mata, shi kuma bai ci ba don ya ƙoshi. Ba ta kai mako ba. Mama ta ce saboda haka tsinken ba ya damunta, littafin ma ba ya damunta.

"Abu ɗaya ne," ta ce, tana juya miya ba ta dube ni ba. "Ban taɓa ganin fuskarsa yana cin abincina da zafinsa ba."

Gidan abincin Mama yana daura da ƙofar ɗakin gwajin, a tsallaken titi. Tebur shida ne, da labule tsakanin masu ci da tukwane. Shekara ashirin da biyu tana ciyar da ma'aikatan ɗakin gwajin da na wurin buga takardu da makanikan da ke bayan layi, ba a taɓa samun wanda ya ce cikinsa ya murɗa ba. Mutane suna ci hankali kwance don sun san matar wa ce. Bayan na yi aure na dawo ina taya ta, ita tana wajen wuta, ni ina wajen zubawa.

Da Baba ya cika shekara talatin da huɗu a aiki, lokacin ajiye aiki ya yi. Dakta ta ce za a yi masa walimar ban kwana ranar Alhamis da ƙarfe sha ɗaya, kuma ba wanda zai yi girkin sai Mama. Shinkafa ce da kaza da aka yayyaga cikin miyar madara, ta mutum arba'in. Ƙarfe shida da rabi na safe Mama ta gama.

Sai ga Baba ya shigo da farar rigarsa, da safar hannu, da takunkumi, da ma'aunin zafi. Ya ce tunda yau ne gwajinsa na ƙarshe, zai yi shi yadda littafi ya ce. Ya ɗebi samfuri na farko daga tukunya tana kan wuta. Aka juye abincin a manyan tire huɗu, ya bi kowanne yana auna sama da tsakiya da ƙasa da kusurwa huɗu. Idonsa ya yi rauni a 'yan shekarun nan, takunkumi kuma yana sa tabaransa yin hazo, don haka yakan ja shi ƙasan hanci. Ga mura da ta kama shi kwana uku. Sai ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa miyar kafin ya iya karanta ma'aunin, ya ɗago, ya tura tabarau da bayan hannu, ya ja majina, ya sake sunkuyawa. Awa ɗaya da kwata yana wannan. Ina tsaye ina kallo ina tsaki, amma abin da na gani kawai shi ne Baba yana ɓata mana lokaci, don tun ina yarinya haka nake ganinsa.

Muka tsallaka da tirarrukan, direban ɗakin gwajin ya taimaka. Akwai ƙaton firij a can, fili a cikinsa har mutum zai iya kwanciya. Amma a jikin ƙofarsa akwai takarda cikin leda da ke cewa an haramta ajiye abincin ci a wannan firij. Baba ne ya rubuta ta da hannunsa shekara goma sha tara da suka wuce, kuma ba ranar tafiyarsa zai karya dokarsa ba. Aka kai abincin wani ɗan ɗaki a bayan akwatunan ɗumi, inda zafin injinan ke taruwa. Ya ce ba komai, ai ƙarfe sha ɗaya za a ci.

Wani taro ya riƙe Dakta sai sha biyu da rabi ta iso. Aka fara jawabai. Aka ba Baba kyautar agogon bango. Sannan aka ce ya ɗan ce wani abu, ya tashi ya yi awa ɗaya cur yana bayani a kan haɗarin barin abinci a wuri mai ɗumi fiye da awa huɗu. Ƙarfe biyu da 'yan mintoci ya dubi sabon agogonsa, ya je ya ɗebi samfuri na biyu, ya ce wa Mama ta sake ɗumamawa har sai ya yi tururi. Wani abokin aikinsa ya tsokane shi da maganar gubar da wuta ba ta kashewa. Baba ya ce guba sai da ƙwaya, ƙwaya kuma sai da hanci, duk hancin da ya kusanci abincin nan kuwa yana cikin littafinsa, fes.

Aka ci aka suɗe. Baba ya zuba nasa a roba, ya rubuta rana da lokaci.

Wajen ƙarfe huɗu da rabi abin ya fara. Banɗaki biyu ne a ɗakin gwajin, ɗaya ya lalace tun bara. Mutum talatin da ɗaya suka yi layi a kan ɗayan, Dakta ce ta biyar a layin, da takalmanta a hannu. Abin da ban taɓa gani ba shi ne masana suna amai suna muhawara. Wannan ya ɗago daga bokiti ya ce awa biyu bayan ci, babu zazzaɓi, lalle guba ce da ta riga ta taru. Wancan ya gyaɗa kai ya ce ya yarda, sannan ya koma nasa bokitin. Saboda sabo, kowa ya ɗebi samfurin kansa a kwalba, ya rubuta suna da lokaci, ya jera a kan benci. Ba wanda ya mutu, Allah ya tsare. Yawancinsu sun miƙe da yammacin washegari, sai tsohon mai gadi da ya kwana biyu ana yi masa ƙarin ruwa.

Mu uku ne kaɗai a tsaye ƙalau. Ni da Mama ba mu ci ba saboda mai zubawa a ƙarshe yake ci, kuma babu abin da ya rage sai ƙanzo. Baba kuwa an san shi. Amma mutane ba haka suka lissafa ba. Kafin rana ta faɗi magana ta zaga layin cewa mai girkin ba ta ci ba, 'yarta ba ta ci ba, mijinta bai ci ba.

Da safe duba-gari ya zo. Shi ma ya ci walimar, don haka yana dafa bango ya sa wa gidan abincin Mama kwaɗo, ya manna takarda. Ya ce a yi haƙuri, aiki ne. In rahoton ɗakin gwaji ya nuna daga kicin ɗinta ne, za a karɓe takardar izininta, ba kuma za a sake ba ta ba. Rahoton zai fito Juma'a mai zuwa. Mama ta dubi kwaɗon. Ta cire rigar girkinta ta ninke, ta zauna a bencin waje da ita a cinya. Ni na yi ta faɗa har muryata ta dishe, ban ma san da wa nake ba.

Sai tambayar wanda zai yi gwajin ta taso, don duk ma'aikatan suna kwance. Mutum ɗaya ne ya rage da ya iya aikin, shi ma jiya ya ajiye. Dakta ta buga masa waya da murya kamar ta sauro. Ya koma da farar rigarsa, amma tunda ya riga ya miƙa katinsa, sai da wanda aka kawo riƙon gadi ya sa shi ya rubuta sunansa a littafin baƙi.

Samfuri uku ne a hannunsa, na tukunya, da na ƙarfe biyu, da ƙanzon da ya rage bayan an ɗumama. Ran Lahadi ya bar ni na shiga na gani, don na ce ba zan zauna a gida ba. Farantin ƙanzon ya fito babu ko ɗigo. Na fara murna, ya ce in dakata. Ya ɗauko wani ɗan tire mai ƙananan ramuka casa'in da shida, wanda aka shafa wa abin da ke kama gubar. Ya ɗiga ruwan ƙanzon, ya jira, ya wanke, ya ɗiga wani magani, ya sake jira. Ya ce in ramin ya koma rawaya, akwai guba. Muna tsaye a kai ya koma rawaya. Na tukunya kuwa babu komai, a faranti da a rami. Na ƙarfe biyu shi ne abin tsoro. Farantin da yake ja ya juye rawaya gaba ɗaya, ɗigo masu ruwan zinare sun cika shi har ba sa ƙirguwa. Ya rina kaɗan ya sa a madubin awo mai ƙara girman abu, ya ce in leƙa, na ga ƙananan ƙwallaye a cure kamar inabi. Ya ɗiga su a ruwan jinin zomo, kafin la'asar ruwan ya daskare. Ya ce ita ce, ta hanci ce, kuma tsakanin tukunya da ƙarfe biyu ta shiga.

Tun ran Juma'a ya riga ya goga hancin Mama da hannunta, da nawa, da na direba, da na mai shara da ta buɗe ɗakin. Duk suka fito fes. Sai ya faɗaɗa bincike. Ya goga tirarrukan, da ludayi, da hannun ƙofa, da mijina wanda gaisuwa kawai ya tsaya yi a bakin titi, da kyanwar da ke kwana a bayan shago, wadda ta yakushe shi. Ran Talata waɗannan ma suka fito fes.

Dakta ta warke ta dawo, ta ce tunda haka ne a rubuta cewa ba a gano tushen ƙwayar ba. Baba ya dawo gida da yamma ya faɗa mana. Mama ta tambaye shi ma'anar wannan, ya ce mai yiwuwa a buɗe kwaɗon, mai yiwuwa a ƙi. Na ce masa a takarda ne ba a gano ba, a bakin mutane an gano tuni, kuma Mama ce. Na faɗa masa maganganu da dama da 'ya ba ta faɗa wa uba. Na ce shekara ashirin da tara yana tuhumarta, yau da take bukatar farantinsa ya wanke ta, farantin ya yi shiru. Ya buɗe littafinsa yana bin sunayen da yatsa daga sama zuwa ƙasa, ya sake komawa sama.

Ran Laraba da safe na zo na tarar da Mama a cikin ɗakin ajiyar nan, wanda ban taɓa ganin ta taka ba. Ta wanke hannu har gwiwa, ta yaga ledar tsinken auduga daga ƙasa ba ta taɓa kan ba. An yi mata wannan sau ɗari uku da wani abu, ta san yadda ake yi.

"Malam, zauna," ta ce.

Baba ya yi 'yar dariya, ya ce ai shi ba ya cikin masu taɓa abinci, shi mai gwadawa ne.

"Zauna. Ɗaga kanka, kada ka motsa."

Ya zauna a kan bokiti. Ta juya tsinken sau biyar a kowace ƙofa. Ya yi atishawa, hawaye suka zubo masa, ya ce ashe abin da zafi. Na ce masa mun sani. Ita ta shafa a farantin da kanta, ta rubuta rana da lokaci, ta kife shi a injin ƙyanƙyasa, ta rufe. Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi.

"Sai jibi."

Kwana biyun nan bai ci komai ba. Robar Litinin ta narke a kan tebur, na mayar, ta Talata ma haka. Yakan je ya tsaya a gaban injin, ya sa hannu a murfin, ya fasa. Ban so in ji tausayinsa ba, amma na ji. Ina ganin tun lokacin da yake zaune a kan bokitin ya riga ya sani, kuma ina ganin ba walimar kaɗai yake tunani ba, har da ƙanwarsa.

Juma'a da sassafe ya buɗe. Farantin ya yi rawaya daga gefe zuwa gefe. Ya naɗe shi a leda ya kai ɗakin gwaji. Akwai wani sabon inji a can da ke karanta gadon ƙwaya ya ba da amsa cikin awa uku, wanda Baba bai taɓa yarda da shi ba, don ya ce amsar da ba ta kwana ba ba amsa ba ce. Ranar shi ya roƙi a sa masa. Injin ya nuna cewa ƙwayar hancinsa da ta samfurin ƙarfe biyu dangi ɗaya ne, kuma irin guba ɗaya suke zubarwa.

Dakta ta rufe ƙofar ofis, ta ce a rubuta cewa daga wani cikin waɗanda suka kusanci abincin ne. Ta ce don mutuncin wurin, don kuma shekara talatin da huɗunsa. Baba ya ce ya daɗe yana cika wannan takarda, bai taɓa ganin layin da aka ware wa wani ba. Ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu, ya fita ya rubuta lokacin fitarsa a littafin baƙi.

Ran Litinin duba-gari ya cire kwaɗo. Muka wanke, muka goge, Mama ta ɗora tukunya. Ba wanda ya shigo. Mutane sukan wuce su gaishe ta daga tsallaken titi, su tambayi gida, su ƙara sauri. Rahoto yana can cikin fayil, su kuma amai suke tunawa. Talata ta dafa rabin tukunya, Laraba kwata, shi ma gida muka kai. Da yammacin Larabar ta tambaye ni ko na san mai son sayen tebura.

Alhamis da rana, daidai lokacin da ma'aikata ke fitowa cin abinci, sai ga Baba da farar rigarsa, hancinsa yana ƙyalli da man da likita ya ba shi ya shafa na kwana biyar. Ya tsaya a ƙofar shagon ya buɗe rahoton ya fara karantawa da ƙarfi. Bai tsallake komai ba, har lambar kowane faranti da zafin akwati. Mutane suka taru, makanikai da masu buga takardu da abokan aikinsa, ana ta ƙunshe dariya. Ya iso layin ƙarshe bai rage murya ba.

"Tushen ƙwayar, hancin ma'aikacin da ya ɗauki samfurin. Girkin ba shi da laifi."

Aka fashe da dariya, wani har da riƙe ciki. Shi bai yi ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya shigo, ya ja kujera a teburin da ya fi kusa da ƙofa, inda kowa zai gan shi.

"Maman yara, a zubo mini."

Mama ta leƙo daga bayan labule da ludayi a hannu. Ta ce robobinsa suna gida, na wace rana yake so a ɗauko.

"Na yau," ya ce.

Dariyar waje ta tsaya. Ta zuba daga tukunya, ta kawo da kanta. Na ga hannunsa ya tafi aljihun da yake ajiye cokalin gwaji da leda, ya tsaya a can, sannan ya dawo ya ɗauki cokalin shago. Bai san yadda ake cin abin da ya fito daga wuta yanzu ba, ya cika cokali ya kai baki, ya ƙone harshe, idonsa ya kawo ruwa. Bai tofar ba. Ya hura na biyu, ya tauna a hankali. Mama tana tsaye a kansa tana kallon fuskarsa, ludayin yana ɗiga a ƙasa.

"Ashe haka yake," ya ce.

Ta juya ta shige bayan labule, ta daɗe ba ta fito ba. Ni na zuba wa tsohon mai gadi, wanda shi ya fara shigowa, ya ce in Sai Jibi ya ci yau, shi bai ga abin jira ba. Kafin ƙarfe biyu kwatan tukunyar ya ƙare, na ɗora wata.

Baba ya gama ya ƙi tashi. Ya zauna a teburin har ƙarfe shida, hannu ɗaya a ciki, yana duba agogo yana rubutu a littafinsa. Da lokacin ya cika ya rufe littafin ya ce babu komai. Muna kulle shago ya ƙara da cewa gishirin ya ɗan yi yawa. Mama ta buɗe baki za ta ce masa ya makara, sai ta tsaya. Ta koma ciki ta lakato ƙasan tukunyar ta ɗanɗana, ta fito tana goge ido da gefen mayafi, ta ce gaskiyarsa ce.